Fararen Duwatsun Gonar Nahuce

Abin da zan ba ku labari ya faru ne a shekarar da katangar gabas ta gidanmu na Nahuce ta faɗi da ruwan farko, ta danne akuyar kakarku Inna. Hadiza tana goye a lokacin, Sanusi kuma bai isa shiga makaranta ba. A shekarun nan ne maganar zinare ta cika ƙasar Zamfara. Duk tashar da ka zauna sai ka ji an ce wane ya tono arziki a bayan garinsu, wane ya sayi babur, a wani ƙauye kuma yara sun mutu saboda an daka dutse a cikin gida. Kun taso kuna ganin muna awon gero a kasuwa alhali kakanku ya bar gona, kuma na san abin da ake gaya muku idan kun je Nahuce: wai ubanku ya ci zinare shi da wani baƙo, ya hana ɗan'uwansa. Da ba ni da yadda zan yi sai in yi shiru. Yanzu da na shiga ajin manya na koyi riƙe alƙalami, bari in rubuta muku yadda na gan shi. Ban ce na gane shi duka ba. Har yau akwai wuraren da idan na zo kansu sai in ajiye alƙalamin in yi tagumi.

A lokacin ni direba ne a wani kamfanin gurzar auduga a Gusau, kuma wanda nake tuƙawa shi ne mai kula da injuna, wani dattijo mutumin ƙasar Nepal da ake kira Injiniya Gurun. Gajere ne, kakkaura, gashinsa ya yi fari fat. Ya daɗe a ƙasar nan har yana jin Hausa, yana cin tuwo da miyar kuka, sai dai naman sa ne ba ya taɓawa. Matarsa ta rasu a can ƙasarsu shekarar da ta gabata, ya je ya dawo ya zama mutum mai shiru. Wata rana da rani muna dawowa daga Tsafe ya ce in tsaya a gindin wani dutse. Ya fita ya daɗe yana kallon samansa, sannan ya ciro hoto daga aljihu ya miƙo mini. Wani ruwa ne shuɗi a kwance tsakanin duwatsu baƙaƙe, kawunansu fari kamar an zuba gari. Babu itace ko ɗaya, babu gida.

“Nan zan je,” in ji shi. “Idan wata ya cika a tsakiyar damina.”

“Madatsar ruwa ce, Injiniya?”

“Tafki ne. A kan dutse yake, sama sosai. Akwai wasu kusa da shi. Wuri mai tsarki ne a wajenmu.”

“Akwai kifi?”

“Ba a kama kifi.”

“Shanu na sha?”

“Shanu ba sa kai wa can.”

“To mi a ka yi da shi?”

“Ana zuwa. A yi wanka, a dawo.”

Ya ce lokacin da ɗansu ya yi ciwo yana ƙarami, matarsa ta yi alkawarin idan ya tashi za su taka da ƙafa su je tafkin nan su biyu. Yaro ya tashi, ya girma, ya yi aure, aiki ya riƙe uban a Gusau, ana cewa baɗi, baɗi, har ta mutu. Wannan ɓangaren na gane shi sarai, don alkawari ko a wajen wa alkawari ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sauran. Ya ce tafiyar kwanaki ce a ƙasa, kullum ana hawa, kuma idan an yi sama iska tana ƙarewa. Na ce ai mu a nan idan mutum yana son iska sama yake hawa. Ya ce a can akwai iska mai kaɗa riga, amma babu ta shaƙa. Na juya maganar nan a raina har muka shigo Gusau ban ga kanta ba. Ya ce likita ya gaya masa a shekarunsa, in bai shirya jikinsa ba, ƙirjinsa zai cika da ruwa a hanya. Yana son wanda zai riƙa raka shi shiri. Na ce to. Na tambayi limamin unguwarmu ko akwai laifi, ya ce in dai ba ni zan yi wankan ba, rakiyar maigida hawan dutse ba ta karya alwala.

Shirin farko na sanyi ne. A Sabon Gari akwai wata mata, Maman Ifi, mai sayar da kifin ƙanƙara, tana da ɗakin sanyi babba a bayan shagonta. Injiniya ne ke gyara mata injin idan ya tsaya, don haka da ya roƙe ta ta bar mu mu riƙa shiga muna zama, ba ta hana ba, dariya kawai ta yi har tana dafa ƙofa. Ga garin ana zafin da kwalta ke narkewa, ga mu cikin rigunan sanyi da hular ulu da safar hannu, zaune a kan kwalayen kifi muna kallon juna. Shi yana gwada tufafinsa ne, ya ga wacce ke riƙe ɗumi. Ni ban san abin da nake gwadawa ba, tunda ba inda zan je. Haƙorana suna haɗuwa, hancina yana zuba, in mun fito kuma kuliyoyin layin su biyo ni.

“Malam Mamman,” in ji Maman Ifi, “shi dai na san matarsa ce ta sa shi. Kai wa ya sa ka?”

Na ce mata ni ma ina tambaya.

Sai hawan dutse. Ranar Lahadi da sassafe mukan tafi Kwatarkwashi, wani lokaci Tsafe, mu ajiye mota a gindi mu kama hawa. Ya koya mini tafiya irin tasu, taku ƙanana kamar mai ciwon ƙafa, ba a sauri, ba a tsayawa, ana kurɓar ruwa tun ba a ji ƙishi ba. Ya sayi takalma masu kauri ya ce sai sun saba da ƙafarsa tun a nan. Ya daina shan taba. Bayan ’yan makonni ya ce jiki ya fara karɓa, saura nauyi, don a can shi zai goya jakarsa da kansa, haka matarsa ta faɗa a alkawarin. Yana son abin da zai cika jaka da shi ta yi nauyin kayan tafiya. Ya ce ko mu nemi bulo. Ku lura da nan, domin ni ne na buɗe baki. Gonarmu ta Nahuce tana da wasu fararen duwatsu masu ƙyalli da suka addabe mu tun zamanin kakanku, su karya fartanya, su dakushe garma. Na ga ga mai son dutse, ga ni da dutsen da ba na so. Na ce masa bulo zai ruguje ya ɓata jaka, ya zo mu je gonarmu ya ɗiba kyauta, ya kuma gaishe da Inna.

Gonar nan ba a raba ta a takarda ba. Ni da wana, Yaya Bawa, muka ja kunya a tsakiya bayan rasuwar mahaifinmu, shi gabas ni yamma, ɗorawa ɗaya babba tana kan iyaka muna raba kalwarta. Ni ina Gusau da iyalina, ina zuwa ranar hutu in yi aiki, shi yana zaune a gida da Inna. Ranar da muka je an yi shuka, gero ya fara tsiro, mutane suna gonakinsu ko’ina. Injiniya ya zo da sikeli mai ƙugiya irin na awon auduga, ya rataye a reshen ɗorawa. Muka tsinci duwatsu, yana zubawa a jaka yana aunawa, ya rage wannan ya ƙara wancan har allura ta tsaya inda yake so. Ya ɗaga wani ya juya shi a rana yana murmushi, ya ce irinsa ne a rafin garinsu. Sannan ya ce in kawo ruwa a wanke su don kada ƙasa ta ɓata masa jaka. Muka wanke su tas a cikin kwano, muka sa a bayan mota. Da na ɗaga kai na ga maƙwabtan gona sun dogara da fartanyoyinsu suna kallonmu. Na ɗaga musu hannu, suka ɗaga mini. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Bayan mako biyu ya ce a ƙara nauyi, muka koma. Muka sake komawa.

A zuwa na gaba ni kaɗai na je. Na tarar da Yaya Bawa a zaure, bai amsa sallamata da kyau ba. Ya ce mu shiga ɗakin Inna. Inna tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale, ba ta dube ni ba.

“Mamman,” in ji Yaya, “nawa ya ba ka?”

“Wa?”

“Kada ka maishe ni yaro. Garin ga duk an sani. Baƙo ya zo da sikeli, ya auna, ya wanke, ya duba a rana, ya sa a mota. Sau nawa? Kuma a bakin iyakata.”

Na yi dariya, kuma dariyar nan ta ƙara ɓata abin. Na zauna na yi musu bayani tun daga farko: tafkin da ke kan dutse, matar da ta mutu, iskar da ke ƙarewa, ɗakin kifi. Ina magana ina jin yadda maganar take fita, ni kaina sai na ji ba ta da ƙafafu.

“To duwatsun,” in ji Yaya, “ina yake kai su?”

“Kan dutsen Kwatarkwashi.”

“Shi yi mi da su can?”

“Shi huta, shi sauko da su.”

Inna ta ajiye zogalen.

“Ɗan nan,” ta ce, “in za ka yi wa yayanka ƙarya, yi mai wadda za shi iya faɗa wa mutane.”

Na dawo Gusau raina a jagule. Na gaya wa mahaifiyarku Hajara, ina jiran ta taya ni mamaki. Tana jijjiga Hadiza ta ce:

“Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin tafkin nan?”

“Na ga hoto.”

“Hoto ai ko na Makka akwai shi a ɗakin ga, ba mu je ba.”

Na ga ba abin da zai raba gardama sai ido. Na roƙi Yaya Bawa ya biyo mu Kwatarkwashi ya gani da kansa, Injiniya ma ya ce ya zo. Yaya ya zo da babbar riga da takalmin roba, ya ƙi karɓar ruwa. Muka hau. Yana bayanmu yana haki, idonsa bai bar jakar ba. Da muka kai sama Injiniya ya sauke jaka, ya zauna ya rufe ido yana jan numfashi a hankali, ya ci dabino, ya miƙa wa Yaya. Sannan ya goya jakarsa muka sauko, ya sa ta a mota kamar yadda ya ɗauko ta. Na dubi Yaya da farin ciki na ce ka gani ko. Ya ja ni gefe.

“Na gani. Mutumen ga shi ka gyaran injin da ya gagari kowa a Gusau, ko ba shi ba?”

“Shi ne.”

“To ba mahaukaci ba ne. Wanda ba mahaukaci ba kuwa ba ya kai wa dutse dutse a banza. Ko dai don ni ya yi wanga wasa, ko akwai abin da a ka yi ma su a sama wanda ba mu sani ba. Kai dai an ci da kai, ko an cuce ka. Zaɓi guda.”

Maganar nan ta shige ni fiye da yadda na nuna. Na fara tuna abubuwa. Me ya sa Injiniya ya yi murmushi da ya ga ƙyallin? Me ya sa yake tara tsofaffin duwatsun a bayan ɗakinsa maimakon ya zubar? Amma kuma ni na kawo shawarar gonar, shi bulo ya ce. To ko ya san zan kawo ta? Ta yaya zai sani? Wata rana da hantsi, Hajara ta tafi gidan suna, na ɗauko dutse ɗaya daga mota na jefa a turminta na kama daka da ƙarfen taya. Ban san ma abin da nake nema ba, ban taɓa ganin ɗanyen zinare ba. A bugu na ƙarshe turmin ya tsage gida biyu. Ina tsaye a kansa ta shigo. Ta ga farin gari a tsakar gida, ta ga Sanusi yana wasa kusa, ta saki ihu, ta fizge shi ta yi waje da shi.

“A gidan da ’ya’yana suke? Ba ka ji abin da ya kashe yara a ƙauyuka ba? Kai da ka ce babu komai a ciki, mi kake nema?”

Na share garin na kai bola, na wanke tsakar gida sau da yawa, ta kwana biyu ba ta bar ku kun taka wurin ba.

Ba a daɗe ba maigari ya aiko a kira ni, ya ce in zo da baƙon. Muka tarar da ƙofar gidansa cike. Injiniya ya tuɓe takalmansa masu kauri, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya ba da labarinsa da Hausarsa, ya miƙa hoton. Hoto ya zaga hannu zuwa hannu. Maigari ya daɗe yana dubawa.

“Akwai kifi?” in ji shi.

Na sunkuyar da kai, don na san duk tambayoyin da za su biyo baya, kuma na san inda za su ƙare. Daga nan aka kira wani mutumin garin Wanke da ya yi aikin haƙar zinare a daji, aka ba shi dutse ɗaya daga jakar. Ya farfasa, ya niƙa a kan faffaɗan dutse, ya zuba a kwano da ruwa yana juyawa yana tsiyayewa, mutane sun yi masa rumfa da kawuna. Da ruwan ya ƙare sai ga wani ɗan abu a gindin kwano, bai kai ƙwayar gero ba, yana ƙyalli. Ya ce shi dai ba zai rantse ba. Wani ya ce shi ne. Wani ya ce ƙyallin banza ne, ko a yashin rafi akwai shi. Wani tsoho ya ce a ba shi ya gani, ya sa yatsa, abin ya manne a yatsan ya ɓace. Aka yi ta dubawa a ƙasa. Har yau ban san mene ne ba.

Maigari ya sallami jama’a ya bar ni da Yaya Bawa. Ya yi mini magana a hankali, kamar uba. Ya ce abin ya fi ƙarfin a ce babu komai, mutane ba za su yarda ba. Hanya biyu ce. In na ce baƙon ya ruɗe ni ne, ya ɗebi dutse ban san manufarsa ba, to shi zai kai maganar gaba, hukuma ta kama baƙon ta bincike shi, a sa wa gonar tsaro har a gama, ni kuma in fita da sunana. In kuwa na tsaya a kan ni na ba shi da hannuna, to babu ƙarar da za a kai, magana ta zama ta gado tsakanina da wana, shi kuma wana ya riga ya ce a tona a gani. Na san abin da kamu yake nufi. Za a riƙe fasfonsa, wata zai cika ya wuce yana zaune a ofishin ’yan sanda, kuma a shekarunsa ban ga alamar akwai wata baɗin ba. Na kuma san abin da tono yake nufi, gerona ya kai gwiwa. Abin da ban sani ba shi ne ko mutumin nan gaskiya yake faɗa. Ina leƙensa ta ƙofar zaure, yana zaune a kan dakali yana ɗaure igiyar takalmi, yara sun kewaye shi. Na nemi tabbaci a zuciyata ban samu ba. Abu ɗaya kawai na samu wanda na tabbata da shi.

“Ranka shi daɗe,” na ce, “shi bulo ya ce. Ni na ce mai dutse.”

Yaya Bawa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita.

Ranar hutun da ta biyo na je gona da safe ban gane ta ba. Yaya ya fara da mutum huɗu a bakin iyaka, amma labari ya riga ya tafi, mutane suka zo daga Bungudu, daga Wanke, daga wuraren da ban taɓa ji ba. Babu mai tambayar gonar wa ce. Ramuka ko’ina, jar ƙasa a kan baƙa, gerona a kwance ana takawa. Har mai shayi ya kafa tebur, mata suna sayar da fura. Wani saurayi da ban sani ba ya ce in matsa, nan wurinsu ne. Na matsa. Shi kansa Yaya sun ture shi, sun haye gabas sun cinye tasa gonar. Na hange shi tsaye a kan tulin ƙasa yana ɗaga murya ba mai jinsa. Muka haɗa ido, ya kau da kai. Sun yi makonni a wurin, sannan aka ce an ga wani abu a wani gari, suka watse kamar yadda suka zo. Wasu sun ce ba a samu komai ba. Wasu sun ce mutumin Wanken nan ya sayi babur. Wasu kuma sun ce ai dole, mai kyan mun riga mun kwashe ni da baƙo.

Da na kai Injiniya ya gani, ya tsaya a bakin wani rami ya cire hularsa. Sannan ya ce ya fasa tafiyar, zai zauna ya nemo motar tura ƙasa a cike ramukan. Na ce masa ƙasar da aka juya ba ta komawa da mota, kuma in ya fasa to gonar ta tafi a banza ke nan. Ya ce to in bar shi ya biya ni. Nan ma na tsaya ina lissafin da ba na kuɗi ba. In na karɓa, ko buhun gero na saya da shi, an ce ga kuɗin zinare ya fito, kuma maganar Yaya ta tabbata har abada. Na ce ba na so. Ya sake kawowa ta hannun Hajara, na sa ta mayar. Ta mayar, amma ta yi mako ba ta yi mini magana ba sai ta bakin Sanusi.

“Ba su yarda da kai ba ko ka karɓa ko ba ka karɓa ba,” ta ce da ta huce. “To da ka karɓa mana.”

Wataƙila ita ce da gaskiya. Na sha juya wannan ma.

Ni na kai shi filin jirgi a Kano. Jakar nan tana bayan mota, wannan karon da tufafin da muka gwada a ɗakin kifi. Da zai shiga ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce in yafe masa. Na ce shi ma ya yafe mini, don na daka dutsensa a turmi. Bai gane ba, ni kuma ban yi bayani ba. Bayan kamar mako biyu ina cikin kasuwa waya ta yi ƙara da wata doguwar lamba. Na ɗauka, ba na jin komai sai iska tana bugun wayar, da numfashin mutum mai nauyi. Na ji kamar an ce Mamman, sau biyu. Na toshe ɗaya kunnen ina cewa Injiniya, ka isa? Ka ga tafkin? Sai ta yanke. Na kira lambar ba ta shiga ba. Daga baya aka ce mana a kamfani ɗansa ya riƙe shi a gida, ba zai dawo ba. Wanda aka kawo a madadinsa ya zo da direbansa. Ko daga bakin ruwan ya kira ni, ko daga hanya inda ƙarfinsa ya ƙare, ban sani ba. Da aka je share gidansa, duwatsun suna nan jibge a bayan ɗaki, ba wanda ya taɓa su. Na ce a gaya wa Yaya ya zo ya kwashe. Ya aiko cewa ai waɗannan ragowar ne.

To ga abin da ya tafi a shekarar nan, don ku sani daidai, kada a ƙara muku kada a rage. Geron damina ɗaya, nawa da na Yaya. Gonar kanta, wadda har yau ba ta fid da abin kirki sai ƙaya. Ɗorawar kakanku, da aka tone saiwarta ta faɗi da iskar kaka. Turmin mahaifiyarku na aurenta. Aikina na tuƙi. Zaman cin tuwo a ƙwarya ɗaya a ɗakin Inna, wanda ba a sake yi ba har ta koma ga Allah. Da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana nan da ransa a Nahuce. Idan kun je, ku fara da ƙofarsa, ku durƙusa ku gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba.